Kwashe tsohon gida a ƙauye: a sallama wa ɗan gwangwan, ko a zauna a ware?

Sau biyu aikin kwashe tsohon gida ya faɗo a kaina cikin shekara biyu, duka a ƙauyenmu da ke tsakanin Ringim da Taura. Na farko bayan ambaliyar 2022 ne, da ruwa ya ci gindin katangar gidan Baffana, ɗakuna uku suka zauna a kan kayan da ke cikinsu. Na biyu bayan rasuwar kakarmu, wadda duk gidan muke kira Inna, da dangi suka amince a rushe sashenta a yi wa ƙanena ginin bulo don zai ajiye iyali. A gidan Baffa mun kira ɗan gwangwan muka yi ciniki ɗaya, ya kwashe cikin yini guda. A sashen Inna mun zauna mun ware kayan da hannunmu, aikin ya ci mana kwana shida. Na ga amfanin kowace hanya, na kuma ga ɓarnarta, shi ya sa duk wanda ya zo mini da irin wannan shawara ba na ba shi amsa a tsaye, sai mun samu tabarma mun zauna.

A birni abin da ɗan sauƙi. Akwai 'yan gwanjo masu zuwa har gida su sayi kujeru da firji, akwai motocin REMASAB a Kano masu ɗaukar shara. A ƙauye kuwa abin da ka fitar daga ɗaki ba ya yin nisa. Ko dai ya tafi a kurar ɗan gwangwan, ko ya koma gidan wani ɗan'uwa, ko ya ƙare a bola, daga bola kuma amalanke ta kai shi gonar da za ka ci geronta bana. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, daga nan ya samo tushe.

Amma kafin a taɓa ko cokali, idan kayan mamaci ne, akwai maganar gado. Kayan ɗakin ba na wanda makulli ke hannunsa ba ne. Sai an biya bashi, an fitar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba abin da ya rage kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Idan akwai matar da ke takaba, ɗakinta ba a taɓa shi sai ta cika wata huɗu da kwana goma. Mutane da yawa suna kuskure a nan da kyakkyawar niyya: su kwashi tufafin mamaci da kwanukansa su rabar sadaka tun ranar uku, ba tare da an tambayi magada ba. Da muka kira limamin unguwa kan kayan Inna, abin da ya fara tambaya shi ne ko akwai ƙananan marayu cikin masu rabo. Na ce, "Allah gafarta Malam, akwai 'ya'yan kawunmu biyu, shi ya rasu wata biyu bayan Inna." Ya ce to rabon ubansu ya zama nasu, ba mai ikon yin kyauta da shi, kuma ba mai ikon sayar da shi a wulaƙance. Wannan magana ita ta fara karkatar da mu daga ciniki ɗaya.

Bari in fara da hanyar ɗan gwangwan, wanda wasu ke kira ɗan jari-bola, don ita ce aka fi bi. Zai zo da yaransa biyu ko uku, da kura, ko a-kori-kura idan kayan da yawa. Zai zagaya, ya ɗaga wannan, ya ƙwanƙwasa wancan, ya faɗi kuɗi a dunƙule. A yi tayi, a yi albarka, a sallama. Kafin la'asar fili ya fito.

Ba zan raina wannan hanya ba, don ta fitar da mu kunya a gidan Baffa. Ruwa bai ɗauke ba a lokacin, iyalinsa suna kwana a ajin firamare, ragowar katanga tana iya faɗo wa yara a kowane lokaci, kuma ana bukatar kuɗin kwano da na hatsi a ranar. Ba wanda ke da sukunin zama yana tantance tukunya. Ga shi kuma kuɗi dunƙule sun fi kaya saukin rabo. Ba a rigima a kan wa zai ɗauki gado wa zai ɗauki akwati. Sannan su 'yan gwangwan, duk da abin da ake faɗa a kansu, su ne suka riƙe sana'ar mayar da tsohon abu sabo a ƙasar nan. Abin da suka tara yana bi ta hannun diloli ya isa Kano, wuraren irin su Ƙofar Ruwa, daga can ƙarfe ya wuce kamfanonin narka shi a yi rodi, alminiyam ya tafi wurin masu zubin tukwane, roba ta shiga injin niƙa ta dawo bokiti da buta da silifas. Narka tsohon alminiyam bai cin wutar da ta wuce kusan kashi 5 cikin 100 na wadda ake ƙonawa wajen samar da sabo daga ma'adini. Wanda ya tura kura daga ƙauye zuwa ƙauye yana tara wannan, aiki yake yi mai amfani ga kowa.

Matsalar tana cikin kalmar nan "dunƙule". Shi mai sayen ba a dunƙule yake lissafi ba. A cikin kansa kowane abu da kilonsa da farashinsa: jan ƙarfe, wanda suke ce wa kofa, shi ne a sama, sai tagulla, sai alminiyam, baƙin ƙarfe yana can ƙasa, roba a bayansa. Kai kuma da ba ka ware ba, sai ya yi maka kuɗin tarin kamar duk baƙin ƙarfe ne, abin da ya tsinta a ciki ribarsa ce. Ba zan kira wannan cuta ba, kasuwa ce, kuma ya sayi abin da bai gama gani ba. Amma a tarin Baffa akwai kan keken ɗinki da laka kawai ta shiga, wanda mai gyara zai wanke ya sa masa mai ya ci gaba da ɗinki. Ya tafi a matsayin ƙarfe. Akwai gadon ƙarfe mai rumfa da ƙafa ɗaya ce ta lanƙwashe, aikin minti kaɗan a wurin mai walda. Shi ma a gabanmu aka sa guduma aka kakkarya shi don ya zauna a kura. Abin da za a iya amfani da shi yadda yake, in aka mayar da shi kilo, an yi asara sau biyu: magada sun rasa kuɗi, wani talaka kuma ya rasa gado mai araha.

Wannan ma da sauƙi a kan abin da ya biyo baya. Akwai batirin mota guda biyu da Baffa ke kunna fitila da cajin waya da su. Yaron mai sayen ya kai su bakin ƙofar gida, ya cire murafen, ya tuntsurar da ruwan a ƙasa, don ba a biyan kuɗin ruwa a sikelin dila. Ƙasar wurin ta yi kumfa. Taku kaɗan daga nan ne awaki ke kwanciya, nan ne kuma yara ke wasan gidan ƙasa. Ɗayan yaron ya tara wayoyin lantarki ya cinna musu wuta a gindin darbejiya don robar ta ƙone jan ƙarfen ya fito. Baƙin hayaƙi mai ɗaci ya shiga har cikin gidan maƙwabta, wata mai jego ta fito da jariri a kafaɗa tana tari. Baffa ya ce, "Kai samari, ku kashe wutar nan." Babbansu ya ce, "Baba, yanzu za ta cinye, haka muke yi ko'ina." Ni kuma ina tsaye ban san girman abin ba sai daga baya.

Ruwan batir asid ne, kuma yana ɗauke da dalma, don fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ce. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta bin iska ta ɓace. Tana zama a ƙasa, yaro ya taɓa ya kai hannu baki. Mun ga abin da take yi a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje. Can ma'adini ne, nan batir ne, kuma yawan ba ɗaya ba ne, amma gubar iri ɗaya ce, kuma kaɗan ɗinta ma yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ga alama ba. Robar da ke jikin wayar lantarki kuwa, in ta ƙone, hayaƙinta yana cikin mafi munin abin da mutum zai shaƙa.

Sai kuma abin da bai ɗauka ba. Ɗan gwangwan kuɗi yake ɗauka, ba shara ba. Da kurarsa ta tashi, ta bar mana tsummokara, ledoji, ruɓaɓɓiyar katifar soso, fasassun kwalabe, ƙananan batiran tocila, da robobin maganin feshi. Wato duk abin da ya fi wuyar sha'ani yana nan. Aka yi abin da aka saba: aka tara samari, rabi aka cinna masa wuta, rabi aka tura kududdufin bayan gari.

Ina so in tsaya a kan wannan, don mutane suna ɗaukar wuta da kududdufi kamar hanya ta uku, wai ita ce mafi araha. Kududdufin nan kakanninmu ne suka haƙa shi suna ɗibar ƙasar gini, kuma shi ne ke shanye ruwan gari da damina. Duk buhun shara da aka tura masa, wurin ruwa aka rage, ruwan kuma ba zai rasa inda zai nufa ba, gindin katanga zai koma. Mu da ambaliya ta rusa wa gida, mu ne muka ƙara cike shi. A nan shanu ke sha, a nan yara ke wanka, kuma a yankinmu na kwarin Haɗeja ruwan rijiya ba shi da nisa da saman ƙasa. Gwangwani da tsohuwar taya su tara ruwa, sauro ya samu gida. Leda kuma iska ta kwashe ta ta watsa a gonaki, akuya ta haɗiye don tana jin ƙanshin abinci a jiki. Ka tambayi kowane mahauci a kasuwar Gujungu ranar Lahadi abin da yake cirowa daga tumbin dabbar da ta yi ta ramewa ba a san dalili ba: dunƙulen leda ne, a murɗe kamar igiya. Wuta kuwa, in da hunturu ne, ga zana, ga tarin kara, ga rumbu, iska ɗaya ta isa. Batirin waya yana fashewa a cikin wuta, haka gwangwanin maganin sauro na fesawa.

To, da aka zo kan sashen Inna, sai na roƙi iyayenmu a ba ni mako guda.

Ranar farko ba mu fitar da komai ba sai da muka yayyafa ruwa mai ɗan hayifo a ɗakunan. Ɗakin da ya daɗe a rufe gidan ɓera ne, kuma zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake kama mutum, shara a bushe tana tayar da ƙurar zuwa hanci. Kowa ya sa takalmi rufaffe da safar hannu, aka ɗaure hanci da ƙyalle. Ƙarƙashin randa mun sami kunama biyu. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, kowace tabarma da irin abin da za a ɗora mata.

Jeren Inna shi ya fi cin lokaci, kuma ba aikin maza ba ne. Gwaggo da matan gida suka sauke kwalla da samira da langa da fanteka ɗaya bayan ɗaya, suna wankewa suna faɗin tarihin kowacce, wannan ta aurenta ce, wannan tsarabar Makka ce. Aka kira dillaliya ta yi musu kuɗi a gaban kowa. Wadda take so cikin magada ta ɗauka a bakin rabonta, sauran dillaliya ta tafi da su gida-gida ta sayar ta cire la'adarta. Kwanon da ɗan gwangwan zai jefa a sikeli a matsayin gwangwani, uwar da ke haɗa wa 'yarta kayan ɗaki ta saye shi da daraja. Waɗanda gindinsu ya huje suka koma mazubin ruwan kaji. Akwai tasoshin tagulla guda uku da akushi biyu na baƙin itace. Irin waɗannan a Kasuwar Kurmi akwai masu nemansu, amma Gwaggo ta ce a sa mata su a rabonta, ba za su bar gidan ba.

A ƙasan wata adaka da ta yi tsatsa, wadda ba shakka da ta tafi a kura ba a buɗe ba, muka sami ƙullin tsumma. A ciki akwai kwabbai masu huji na zamanin Turawa da 'yan sulalla na kafin a koma naira a 1973, sai wata takarda a naɗe cikin leda, rubutun ajami. Liman ya karanta: shaidar cinikin gonar fadama ce da kakanmu ya saya, da sunayen shaidu da na mai garin lokacin. Gonar tana hannunmu, ba wanda ya taɓa jayayya a kanta, amma kowa ya san yadda rigimar gona take tasowa bayan manya sun kau. Ko da wannan takarda kaɗai muka tsira da ita, kwana shidan nan sun biya kansu. Akwai kuma warwatsattsun takardun Alƙur'ani da gara ta ci gefensu. Liman ya tattara su da kansa ya binne a wuri mai tsarki inda ba a takawa. Ya ce ƙonawa ma ta halatta in an yi da ladabi, kamar yadda aka yi zamanin Sayyidina Usmanu. Alluna huɗu aka kai tsangaya. Wanda ya samu cikakken littafi rubutun hannu a irin wannan adaka, kada ya yi gaggawar rabuwa da shi; Jami'ar Bayero da Arewa House a Kaduna suna adana irinsu.

Ginin kansa ma kaya ne, abin da ciniki ɗaya ba ya lissafawa sam. Mun hana a ture ɗakin da ƙarfi. Magini ya hau ya zare azara ɗaya-ɗaya. Azarar giginya ce, ta girmi mahaifina, amma da ya buga mata gatari sai ta yi ƙara kamar ƙarfe, gara ba ta yi mata komai ba. Giginya tana shekaru masu yawa kafin ta kai a tsaga ta, kuma kowa ya ga yadda take ƙaranci a dajinmu. Wanda ya faskara azara ya yi girki da ita ya ƙona abin da kuɗinsa ba zai sayo masa irinsa ba cikin sauƙi. Ƙyauren ƙofa da tagogin ƙarfe suka shiga sabon ginin. Tsohuwar ƙasar bango aka jiƙa ta aka sake kwaɓawa, aka ɗaga katangar baya da ita. Ƙasar turke da tokar madafi da ruɓaɓɓen zana da tsohuwar jinka, amalanke biyar, duk suka tafi gona. Wannan ba sabon abu ba ne. Tun kaka da kakanni manoman kewayen Kano ke ɗaukar takin birni a kan jakuna suna kai wa gonakinsu, shi ya sa ƙasar ke ba da amfani shekara da shekaru ba hutu. Bambancin kawai shi ne bolar da ba ta da leda da batir. Ta yanzu sai an tsince ta, mu ma sai da muka sa yara manya suka bi tarin da hannu cikin safa kafin a loda. Kwanon rufin da ya huje aka yi wa awaki rumfa da shi.

Ƙarfe kuwa, dabararsa ɗaya ce kuma ba ta da tsada: mayen ƙarfe. Mun ciro shi daga lasifikar tsohuwar rediyo. Duk abin da ya kama, baƙin ƙarfe ne, a tara shi gefe guda. Abin da bai kama ba, a duba: in fari ne marar nauyi, alminiyam ne; in ja ne, jan ƙarfe; in ruwan ƙwai ne mai nauyi, tagulla. Kafin a kira mai sikeli, a fara kiran maƙerin gari. Shi zai zaɓi abin da zai yi fartanya da lauje da wuƙa, musamman guntun sifirin mota da tsohuwar garma, kuma ya fi biya da kyau, ko ya biya ka da aiki. Hujajjun tukwanen alminiyam muka kai wa mai zubi muka yi ciko muka karɓo sababbi biyu. Wayar lantarki kuma wuƙa muka sa muka feɗe robar. Ya ɗauki lokaci, amma jan ƙarfen da bai ga wuta ba ya fi ƙonanne daraja a wurin mai saye.

Roba ba ta da dogon bayani. Mai tauri, irin jarka da bokiti da kujera da buta, ana sayenta a kilo. In ka juya gindinta za ka ga lamba a cikin 'yar alama mai kusurwa uku, 2 a jikin jarka, 5 a yawancin bokitai, 1 a gorar ruwa da ta lemo. Gorunan ma ba sai an sayar a kilo ba, masu zoɓo da kunun aya da man gyaɗa suna so. Ledar fiya-wata mun tara wa wani mai renon dashen itatuwa. Tsohuwar taya ta tafi wurin mai yin takalmi da guga. Tufafin da ke da sauran rai aka raba da yardar manyan magada daga rabonsu, tsumma aka cusa a matasan kai. Baƙar leda da soson da ya ruɓe su ne ba su da mai so. Rami muka haƙa mai zurfi a tudu, nesa da rijiya da hanyar ruwa, muka danne su da ƙasa. Ban ce wannan gyara ba ne, amma ya fi hayaƙi, ya kuma fi cikin akuya.

Kada wani ya ɗauka hanyar nan ba ta da ɗaci. Kwana shida na bar aikina, ƙanena ya bar kasuwarsa. Kaya a baje a tsakar gida suna jan ido, sai da muka riƙa kwana a wurin. An yi ɓacin rai tsakanin mata biyu a kan kwalla ɗaya, har sai da Baffa ya sa baki, abin da ba zai faru ba in da kuɗi aka raba. Akwai kuma wata cuta da ke kama mai warewa, ta "a ajiye, wata rana zai yi amfani". Gwaggo ta so a mayar da kusan rabin tarkacen cikin wani ɗaki. Na ce, "Gwaggo, in muka yi haka, 'ya'yanmu ne za su sake wannan zaman." Ta yi shiru, ta ce, "To ɗan nan, amma turmin nan ba inda za shi." Turmi ya zauna, sauran suka tafi. Ga kuma nauyin zuciya. Taɓa kayan wanda ka rasa ɗaya bayan ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, kuma akwai wanda ba zai iya ba, ba kuwa laifinsa ba ne.

Ta fuskar kuɗi ba a ma haɗa su. Wani ɗan gwangwan ya leƙo tun ranar farko ya yi tayin komai a dunƙule, muka ce ya dawo. Ranar ta shida da ya dawo da sikeli, abin da ya biya na ƙarafa da roba kaɗai, kowanne a farashinsa, ya haura tayinsa na farko, ga kuɗin dillaliya daban, ga azara da ƙofofi da ba a saya wa sabon gini ba, ga taki. Shi ma bai yi asara ba, don ya samu kaya a ware, ba sai ya biya yara su tantance ba.

Saboda haka ga yadda nake ba da shawara. In gini ya faɗi ko yana shirin faɗuwa, ko damina ta kawo kai, ko magada duk suna nesa kuma manya ne da suka yarda da asarar da ke ciki, ciniki ɗaya ba aibu ba ne. In akwai marayu cikin masu rabo, ko gidan na tsoho ne mai adaka da jere da takardu, ko za a sake gini a wurin, to a ware, kuma a sa aikin da rani bayan an gama girbi, lokacin da hannaye suke da yawa. Wanda ke tsakiya, mai kwana ɗaya ko biyu kacal, ya cire abu huɗu kafin ya aika a kira mai kura: duk wata takarda, duk abin da ke aiki ko gyara kaɗan yake so, duk ƙarfen da maye bai kama ba, da duk kayan gubar da ba mai saye. Sauran ya sallama a dunƙule. Kuma ya kafa sharaɗi tun kafin a yi tayi, a gaban shaida: ba ƙona waya a garin, batir ya tafi da ruwansa a tsaye ba a buɗe ba, a auna a gabanka ka ga allurar sikeli ta fara daga sifiri. In akwai tsohon silin na asbestos, irin fararen allunan nan masu kama da siminti, kada a bari a farfasa shi. A jiƙa shi a cire shi ɗungurungum, don ƙurarsa tana lalata huhu bayan shekaru.

Kayan guba su na bari a ƙarshe don su ne ba mai saye, kuma su ne suka fi bukatar a tsaya a kansu. A lungun rumbun Inna mun sami kwalaben fiya-fiya, robobin maganin ciyawa, wani tsohon gwangwanin gamalin da rubutunsa ya kusa gogewa, irin maganin da yarjejeniyar duniya ta hana amfani da shi a gona tun 2009, da bututun ƙwayar nan ta adana wake da ake kira bom. Ita wannan ƙwaya da ta ji danshi take sakin iska mai kisa, don haka ba a wanke bututunta, ba a kuma ajiye ta a ɗakin da ake kwana. Robar maganin feshi da ta ƙare, ƙa'idarta a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi a fesa a gona, sannan a huda gindinta. Hudawar nan ita ce muhimmiya, don na sha ganin irin robar nan an zuba mata man gyaɗa ko an ba yaro ya tafi da ruwa makaranta. Wadda ke da sauran magani a ciki kada a zubar, a nuna wa malamin gona na JARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta Jigawa, ko na takwararta KNARDA ga mutanen Kano. Ragowar ƙwayoyin asibiti da suka wuce wa'adi muka kai wa ma'aikacin lafiya na garinmu. Ƙwan lantarki mai murɗaɗɗen gilashi yana da zaiba a ciki, ita ma guba ce, ba a fasa shi.

Abin da ya rage, batiran tocila cike da kwano, da ƙwayayen lantarki uku, da gwangwanin gamalin, da bututun bom, muka sa kowanne a ledarsa, muka jera a cikin tsohuwar adakar nan da muka sami takardar gona a ciki. Aka ɗora ta a kan duwatsu a rumfar bayan gida inda ruwa ba ya taɓawa, nesa da ɗakunan kwana, aka sa mata kwaɗo, makullin yana hannun Baffa.